Kafin A Ɗaure Kaya

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, iska ta juya, sai ƙauyukan ƙasar Gwandu su fara raguwa da samari. Daga Dalijan da Kambaza da Masama, daga Diggi da Zuguru a ƙasar Kalgo, za a ga matasa da 'yar jaka a kafaɗa suna jiran mota a bakin titi. Wasu su ɗare saman tirelar albasa daga Aliero, wasu su bi ta shanu, su sha rana da raɓa kafin su sauka a Mile 12 ko Agege a Legas, ko unguwar Sabo a Ibadan. Ci-rani ya girmi jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1950, lokacin da Gwandu ke cikin Lardin Sakkwato, wani Bature masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarin dubban mutanen lardin da ke fita bayan kaka, wasu zuwa ƙasar Yarabawa, wasu har Gwalkwas, wato Gana ta yau, su dawo da saukar ruwan fari.

Yanzu zangon ya yi nisa, zaman kuma ya yi tsawo. Kakan yakan yi wata huɗu ko biyar ya dawo ya tarar da gonarsa tana jiransa. Jikan kuwa, musamman wanda ya gama Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, hankalinsa yana Ingila da Kanada da Saudiyya da Dubai, tafiyar kuma ta shekaru ce. A waya yake lissafinsa. Ya ji albashin wane a fam, ya ninka shi da farashin canji, sifirai su jeru, daren nan barci ya ƙaurace masa.

Babu mai hankalin da zai ce kada a fita nema. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma kakannin waɗannan samarin ne suka bi ayarin jakuna har Gwanja suka kawo goro. Amma lissafin da ya tsaya ga albashi rabin lissafi ne. Dattawan ƙasar nan suna da tambayar da suke yi wa ɗan ci-rani idan ya dawo yana labarin abin da yake samu kullum: “To ɗana, da ka ci, ka sha, ka biya wurin kwana, mi yar rage?” Wannan tambayar ce ya kamata matashi ya yi wa kansa tun kafin ya nemi fasfo.

Su ma masu ƙasar fita suke yi

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar da suke mafarkin shiga irin Birtaniya, 'ya'yanta miliyoyi suna zaune a wasu ƙasashe, kuma dalilan da suka fitar da su ba su da bambanci sosai da na ɗan Kalgo: tsadar gida, nauyin haraji, da neman inda rayuwa za ta fi daɗi. Labarinsu abin dubawa ne, don mutane ne masu fasfon da ake girmamawa da kuɗin da ke da daraja, amma duk da haka da yawansu lissafi ya kwace musu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ostareliya ta buɗe wa 'yan Birtaniya ƙofa. Babba ya biya fam 10 kacal a kai shi a jirgin ruwa, yara kuma kyauta. An nuna musu hotunan rana da bakin teku da gidaje masu fili, kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka tafi. Da isarsu, da yawa suka tsinci kansu a bukkokin kwano na tsofaffin sansanonin soja, ga zafi ga cunkoso. Sharaɗin shi ne wanda ya koma gida kafin shekara biyu sai ya biya cikakken kuɗin jirgin da ya kawo shi. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu sun koma Birtaniya daga baya, galibi saboda kewar dangi. Wasu daga cikinsu da suka koma suka tarar gidan ma ya sauya, suka sake ɗaure kaya.

Masu ritaya kuma suka zaɓi Sifaniya. Mutum ya sayar da gidansa a Ingila, ya sayi wani mai araha a gaɓar teku wajen Malaga ko Alikante, yana karɓar fanshonsa a fam yana kashewa a yuro. A 2007 fam ɗaya ya kai kusan yuro ɗaya da rabi. Kafin 2008 ta ƙare, fam da yuro sun kusa yin kai ɗaya. Ba a rage wa kowa ko kwabo daga fanshonsa ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake saya ya tafi. A daidai lokacin farashin gidaje ya faɗi warwas, wanda ke son ya sayar ya koma ya rasa mai saye. Daga Janairun 2021 kuma, bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, wanda ba shi da takardar zama ba ya wuce kwana 90 cikin kowane 180, ko da gidan nasa ne na kansa.

Akwai kuma kusan mutum rabin miliyan da suka yi ritaya zuwa ƙasashe irin su Ostareliya da Kanada da Afirka ta Kudu, waɗanda fanshonsu na gwamnati ya tsaya cak a inda yake ranar da suka fara karɓa a can. Na cikin gida ana yi musu ƙari duk shekara, su kuwa a'a. Dokar a rubuce take, sai dai wasu ba su nemi sani ba sai da tsufa ya kama su.

Canjin kuɗi, dokar zama, da kewar gida. Abubuwa ukun nan da suka kayar da Bature a Sifaniya da Ostareliya su ne ke jiran ɗan Gwandu a duk inda ya nufa, shi kuma ba shi da gwamnatin da za ta biya shi fansho idan ya dawo.

Fam a takarda, fam a aljihu

A ɗauki mai aikin kula da tsofaffi a Ingila, aikin da 'yan Najeriya da yawa suka samu biza da shi a 'yan shekarun nan. A Afrilun 2025 aka mayar da mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga babba fam 12.21. A kan wannan ladan, wanda ya yi awa 37 da rabi a mako zai tashi da kusan fam 2,000 a wata. Idan aka ninka da naira 2,000, wanda shi ne wajen inda fam ya tsaya a ƙarshen 2024, an doshi naira miliyan 4 ke nan. A nan lissafin majalisa yake tsayawa, a yi ta salati.

Amma kafin kuɗin ya shiga asusunsa an cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, abin da zai gani bai wuce fam 1,700 da 'yan kai ba. Ɗaki guda a gidan haɗaka, inda zai raba kicin da banɗaki da mutanen da bai sani ba, yakan kusa fam 1,000 a Landan. A wasu garuruwan ya fi sauƙi, amma ko'ina shi ne ke cin kaso mafi tsoka. Sai kuɗin wuta da gas na ɗumama ɗaki, wanda a hunturun can ba a yi masa ƙwauro. Sai kuɗin bas ko jirgin ƙasa, da na waya, da abinci. Idan da yaro ƙarami, kuɗin gidan reno kaɗai kan iya cinye albashin ɗaya daga cikin iyayen. Abin da ya saura shi ne za a raba tsakanin Inna da Baba, da ƙanen da ke makaranta, da bashin da aka ci don a yi tafiyar.

Tafiyar ma da nata kuɗin. Tun Fabrairun 2024, yawancin masu neman bizar aiki suna biyan fam 1,035 na kiwon lafiya a kan kowace shekarar da za su zauna, kuma gaba ɗaya ake biya tun kafin a tashi. Na shekara uku, a canjin ƙarshen 2024, ya haura naira miliyan 6. Ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi an ɗauke musu wannan, ɗalibi kuma fam 776 yake biya a shekara. Ɗalibin ba a yarda ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, saboda haka mai tunanin zai biya kuɗin makaranta da aikin da zai samu a can ya gina lissafinsa a kan yashi.

Dokokin kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. A Janairun 2024 aka hana yawancin masu karatun digiri na biyu tafiya da iyali. A Maris na shekarar aka hana masu kula da tsofaffi. A Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbin masu wannan aikin daga waje. Wanda kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ya rasa lasisi, kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasar. Darajar naira ta ƙara nata: a Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗaliban Najeriya da suka tara kuɗin makaranta a naira suka wayi gari abin da ke hannunsu bai kai rabin abin da ake binsu ba. A jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila, a 2024, an dakatar da wasu daga karatu har aka ce su bar ƙasar.

Legas ma ƙasar wasu ce

Lissafin nan bai tsaya ga masu hawa jirgi ba. Ɗan kabu-kabu a Legas yana samun abin da ya ninka na Birnin Kebbi, gaskiya ne. Sai dai kafin ya ɗauki fasinjan farko ya yanki tikitin ƙungiya, da yamma ya kai wa mai babur balas, a tsakani kuma akwai hannuwan da ake miƙo masa a kowace mahaɗa. Ruwan wanka saye yake, ban-ɗaki biya yake. Tuwon da a gida ake kiransa ya zo ya ci, a can sai ya ciro kuɗi. Yana iya tara wani abu ne kawai saboda ya yarda ya kwana shi da mutum takwas a ɗaki ɗaya, ko a rumfar kasuwa, ko a barandar masallaci. Da lafiyarsa da mutuncinsa yake biyan abin da bai biya da kuɗi ba.

Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta haya da babur a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka riƙa kama babura ana niƙe su. Wanda ya sayar da bijimi ya sayi babur ya dawo da hular kwano kawai. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, inda ake sauke albasa da tumatir na Arewa, aka yi asarar rayuka da dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa.

Tsofaffi kuma suna tune da 1969. A Nuwambar shekarar gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. Mutanen da suka yi shekara talatin a zangon Kumasi, suka yi aure suka haifi 'ya'ya, suka sayar da gida da shago a wulaƙance suka hau manyan motoci. A 1983 Najeriya ma ta yi wa baƙinta haka. Baƙon da ba shi da takarda, duk daɗewarsa, zamansa yana hannun sanarwa guda ta rediyo.

A Saudiyya, wanda ya shiga da bizar Umra ya maƙale ya zama takari, yana iya samun riyal, amma ba ya zuwa asibiti da kwanciyar hankali, ba ya kai ƙarar wanda ya cinye masa haƙƙi, kullum idonsa na kan motar askarawa. A Nuwambar 2013, da wa'adin afuwa ya ƙare, an kwashe dubban ɗaruruwan baƙi aka mayar da su ƙasashensu. Hanyar Agadas kuwa kuɗinta ya wuce na mota. A Oktobar 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A Nuwambar 2017 duniya ta ga bidiyon yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya.

Abin da ba ya shiga lissafin waya

Gida ma ba aljanna ba ne, kuma matasa sun fi kowa sanin haka. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, manomin fadama kuwa da fetur injin ban-ruwansa yake sha. Taki ya yi tsada. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, bai kai kuɗin buhun shinkafa na lokacin ba. Ga matsalar tsaro da ta taɓa sassan jihar. Wanda ya ce wa mai digirin da ya shekara uku ba aiki ya yi haƙuri kawai, bai ba shi amsa ba.

Duk da haka akwai abubuwan da ɗan Gwandu yake ci kullum ba tare da ya san kuɗinsu ba, sai ranar da ya je inda ake sayar da su. Ɗaki a gidan gado. Damin gero a rumbu. Kaka da goggo da ke riƙe yaro idan uwarsa ta fita. Malamin allo a ƙofar gida. Maƙwabcin da zai ɗauko mota da tsakar dare idan naƙuda ta tashi, a nufi asibitin Kalgo ko na Birnin Kebbi. A Landan, a watan Disamba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, mai aikin dare kan yi kwanaki bai ga haskenta ba. Idan azumi ya faɗo a watan Yuni, ya haura awa 18. Mutum yana tsaye a bakin aiki za a bugo a ce Baba ya cika, kafin ya nemi izini an dawo daga maƙabarta.

Can ɗin ma tana da nata alherin da ba a musu: wutar da ba ta ɗaukewa, asibiti mai magani, makarantar yara kyauta, albashin da ba ya makara. Likita ko ma'aikaciyar jinya da ta ci jarrabawar Turanci da ta hukumar sana'arta, ta tafi da takardu cikakku, tana iya ɗaga gidansu gaba ɗaya. Adalci shi ne a ɗora kowane ɓangare a kan sikeli da dukan nauyinsa.

Saboda haka matashin da ya ƙudurta tafiya ya nemi wanda ya shekara biyu ko fiye a wurin, ya bar tambayar albashi ya ce: “Yaya, don Allah nawa kake biyan ɗaki, nawa kake turowa gida a wata, yaushe rabonka da hutu?” Ya nemi wanda ya je ya dawo shi ma, don shi ba ya da hoton da yake karewa a Facebook. Ya san irin bizar da za a ba shi, abin da ta halatta masa, da abin da zai faru ranar da aikin ya ƙare. Duk dillalin da ya ce a biya miliyoyi a sayi gurbin aiki, ko ya ce a fara shiga da bizar ziyara sauran a gyara a can, a guje shi. Fasfo kuma ba a barin sa a hannun kowa.

Kada a sayar da gonar gado ko fadama don kuɗin jirgi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, aka kuma buɗe manyan injinan casa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, kowa ya ga darajar ƙasa mai ruwa, kuma wadda aka sayar da wuya ta dawo. Mai mata ya zauna da ita su yanke wa'adi, don barin yarinya shekara biyar a ɗakin surukai da saƙon murya kawai zalunci ne, ko da kuɗi na zuwa. A nemi yardar iyaye, a yi istihara. A kuma ware kuɗin komowa a ajiye su daban tun ranar farko.

Komowar ita ce ta fi yi wa matasa nauyi, alhali a tarihin Gwandu akwai abin koyi. Wajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga al'amuran jama'a sun fara karkata ga neman duniya, ya bar rundunar jihadi ya fuskanci gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Ba neman dukiya ya fitar da shi ba. Da ya isa Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya tsaya, ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Daga nan ya sake nazari ya juyo gida. Shi aka damƙa wa yammacin daular da jihadin ya kafa, kuma a Gwandu hubbarensa yake.

A nan na gida suke da nasu aikin. Akwai samari a Agege da Jidda da Manchester da suka daɗe da gane cewa lissafin bai fita ba, abin da ya hana su dawowa shi ne tsoron a ce wane ya dawo hannu rabbana. Suna cin bashi su turo kuɗin Sallah don kada a gane. Iyaye da ƙanne da abokan majalisa su ne za su sauƙaƙa musu: a rage yawan buƙatun da ake tura musu, a riƙa tambayar lafiyarsu kafin a tambayi saƙo, a noma musu gonarsu kada ta zama saura, kuma wanda ya ce zai dawo a aika masa da kuɗin mota idan ba shi da su.